Amsa ga wani mai walda a Damagaram: wace irin na'ura ake ƙerawa don noman fatar tsami?

Wani matashi mai walda a unguwar Sabon Gari ta Damagaram ya aiko da tambaya. Ya ce mahaifinsa baduku ne, kuma ya ga bidiyo a waya inda ake fitar da wani abu mai kama da fata daga ruwan shayi da sukari da aka bari ya yi tsami. Ya kuma samu zanen wani tanki na ƙarfe mai injin juyawa da abin ɗumama ruwa, yana so ya san ko ya sayi ƙarfe ya haɗa shi, kuma ko sharar kasuwa za ta iya maye gurbin sukari.

Ƙanena, kada ka sayi ƙarfen tankin nan tukuna. Wanda ya zana shi yana zaune ne a ƙasar da sanyi ne matsalarta, shi ya sa rabin kuɗin na'urar ya tafi wajen ɗumama ruwa, alhali mu a nan abin da ke kashe wannan aiki zafi ne da ƙura da ƙarancin ruwa. Ban da haka, shi kansa tankin mai zurfi da injin juyawa ba ya ba da abin da kake nema, kuma dalilin hakan yana cikin halin abin da za ka yi kiwonsa.

Abin da ka gani a bidiyon, wanda zan kira fatar tsami don sauƙin magana, ba fata ba ne. Zare ne irin na auduga, wato selulos, amma siririn gaske, wanda wasu ƙwayoyin bakteriya suke saƙawa a saman ruwa mai zaƙi. Wani masani ɗan Ingila, A. J. Brown, shi ne ya bayyana shi a 1886 lokacin da yake nazarin yanar da ke taruwa a kan ruwan khal, kuma a yau ana kiran ƙwayar Komagataeibacter xylinus. Mutanen Filifin sun daɗe suna noma shi a kan ruwan kwakwa suna ci a matsayin kayan zaƙi mai suna nata de coco, kamfanin Sony kuma ya yi amfani da shi a cikin wata na'urar sauraro ta kunne a 1989. A cikin tukunyar shayin nan halittu iri biyu ne suke aiki tare. Yis yana farfasa sukari ya fitar da ɗan barasa da iska, su kuma ƙwayoyin bakteriya suna mayar da barasar nan ruwan khal, suna kuma saƙa zaren daga sukarin. Waɗannan ƙwayoyi ba sa rayuwa sai da iskar oksijin, saboda haka saƙarsu a daidai inda ruwa ya haɗu da iska take faruwa, sabon shafi yana fitowa a sama yana danna tsoho ƙasa.

Ka tuna rijiyar marina. Marina suna haƙa ta da zurfi, bakinta ƙarami, domin ƙwayoyin da ke dafa baba ba sa son iska, in ta yi musu yawa ruwan baba ya mutu. Taka halittar kishiyar waccan ce, don haka mazubinta ma kishiyar rijiyar marina ne: mai faɗi, marar zurfi, wanda ba ya motsi. Lita ɗari a cikin duro guda za ta ba ka fata guda mai faɗin bakin duron, amma wannan litar ɗari in ka raba ta a tire goma za ka kwashe fata goma. In kuwa ka sa injin juyawa, zaren ba zai shimfiɗu ba, sai dai ya dunƙule kamar gayan tuwo a cikin ruwa, kuma masana sun lura cewa yawan girgiza yana sa irin ƙwayoyin da suka daina saƙa zare su rinjayi masu saƙawa. Akwai na'urori masu fayafayai da ke juyawa a hankali, rabinsu a ruwa rabinsu a iska, ana gwada su a ɗakunan bincike, amma abin da suke fitarwa ba shimfiɗa ba ce da baduku zai ɗora wuƙa a kanta.

To, abin da za ka ƙera kanta ce mai hawa-hawa wadda za ta ɗauki tire da yawa, sai kuma ɗakin da zai riƙe mata sanyi. Bari mu yi lissafin tire guda. Idan tsawonsa santimita 60 ne, faɗinsa 40, ka zuba ruwa mai zurfin santimita 4, ka zuba kusan lita 10 ke nan. Masu wannan aiki sukan sa sukari tsakanin giram 50 zuwa 100 a kowace lita, mu ɗauki 70, wato giram 700 a tire guda. Bayan mako biyu zuwa uku, in komai ya tafi daidai, za ka ɗaga shimfiɗa mai kaurin santimita guda, nauyinta ya haura kilo biyu. Amma kusan kashi 99 cikin ɗari na wannan nauyi ruwa ne, in ta bushe abin da zai rage bai wuce giram 25 ba, kaurinsa kamar na takarda mai ƙwari. Ka dubi wannan lissafi da kyau kafin ka ci gaba, domin shi ne amsar tambayarka ta biyu. Wanda zai sayi sukarin kanti ya yi wannan sana'a ya faɗi tun kafin ya fara, saboda haka shara ita ce kaɗai hanyar da lissafin zai fita.

Shi kansa tiren kada ka yi shi da kwanon rufi ko alminiyam ko tagulla, duk da na san hannunka can zai fara zuwa. Ruwan yana ƙara tsami kullum, tsamin yana cin waɗannan ƙarafa, abin da ya narke kuma yana ɓata fatar yana raunana ƙwayoyin. Roba irin ta zuba abinci ta wadatar, wadda ke da lamba 2 ko 5 a cikin ɗan kusurwa-uku da ke gindinta, ko ƙarfen da ba ya tsatsa in aljihu ya yarda. Akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda mai kauri ma yana aiki, kuma yana da amfanin cewa kai za ka zaɓi girmansa daidai da abin da mahaifinka zai yanka, sai dai ka ƙara masa faɗi kaɗan saboda fatar tana tsukewa wajen bushewa. Waldarka a jikin kantar za ta yi amfani. Ka bar kamar santimita 15 tsakanin hawa da hawa don iska ta ratsa, ka sa wa kowace ƙafa ƙusa mai juyawa yadda za ka daidaita ta da ma'aunin ruwa na magina, domin tiren da ya karkace yana ba da fata mai kauri a gefe guda, ɗaya gefen kuma kamar yanar gizo. Ka shafe ƙarfen da fentin mai sau biyu, saboda tururin tsami yana sa tsatsa cikin ƴan makonni. Ƙafafun kuma ka tsoma su a gwangwanayen da ka zuba wa baƙin mai, in ba haka ba kiyashin unguwa gaba ɗaya zai zo maka ziyara a daren farko.

Kada ka kafa kantar a shagonka. Girgizar injin yankan ƙarfe, ko ta injin niƙa na maƙwabci, ta isa ta nutsar da yanar farko, wadda a kwana na uku ba ta fi kaurin yanar da ke kan kunu ba, kuma in ta nutse sai ƙwayoyin su sake sabuwa a samanta, ka tashi da shafi biyu da ba su manne da juna ba. Kowane tire yana buƙatar rufin ƙyalle mai matsattsiyar saƙa, kamar akoko, a ɗaure da roba ba tare da ya taɓa ruwan ba. Gidan sauro ba ya wadatarwa, domin ƙurar hunturu tana ratsa shi, haka ma ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. Murfin roba ko leda kuwa yana hana iska, kuma gumin da ke taruwa a ƙarƙashinsa yana ɗigowa a kan fatar ya bar mata tabo.

Yanzu ga babbar maganar, wato zafi. Ƙwayoyin nan sun fi saƙa tsakanin digiri 25 da 30. In ruwan ya kai 35 aikinsu yana ja baya sosai, yis kuma ya ƙara ƙaimi, kumfar iskarsa ta riƙa ɗaga fatar tana huda ta. A Damagaram zafin rana a Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a inuwa, a Disamba da Janairu kuwa dare yakan sauko wajen 15. Gwajina na farko a ɗaki mai rufin kwano na yi shi, a tsakiyar bazara, kuma ina tuna ranar da na ɗaga ƙyallen bayan kwana goma: warin khal ya bugi hancina har idona ya yi ruwa, ruwan ya janye ya bar zobe a jikin tire kusan yatsa biyu, a samansa kuma wata ƴar yana ce mai huji-huji wadda ta rabe a hannuna da na taɓa ta. Ma'aunin zafin da na tsoma ya nuna 38. Babu abin da ya sami irin ƙwayoyin da na zuba, babu abin da ya sami sukarin, ɗakin ne ya dafa su.

Maganin ba na'urar sanyaya ɗaki ba ce, domin kuɗin wutarta ya fi ƙarfin fata mai giram 25, ga kuma ɗaukewar wuta da ba ta sallama. Ka fara da ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro, irin na tsofaffin gidajen Birni, wanda yake shanye zafin rana ya sake shi da dare, ruwan da ke cikin tire kuma shi ma yana jinkirin ɗaukar zafi da sakinsa. Idan filinka ba a kan dutse yake ba, abin da ba kowa ke samu ba a garin nan, ka nutsar da daɓen ɗakin mita guda ko fiye, saboda zafin ƙasa a can ciki ba ya bin na rana da dare, yana zaune ne kusa da matsakaicin zafin shekara, wanda a yankinmu yake kusa da abin da ƙwayoyin ke so. Sai ka ƙara da dabarar randa. Ruwan da ke tsattsafowa yana ƙafewa shi ke ɗauke zafi, kuma da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Kai abin da za ka yi shi ne taga ta gefen da iska ke shigowa, a cika ta da gawayi tsakanin ragar waya biyu, ko a rataya mata buhun algarara, ruwa yana ɗiga a kai daga bido mai ƴar huda, a ɗaya bangon kuma ƙaramar fanka ta batir da allon sola tana jan iska waje. Ka lura, fankar tana jan iska ne daga ɗakin, ba hura ta take yi a kan tire ba. A rani, lokacin da iska take a bushe ƙayau, wannan yana sauke zafi sosai, yana kuma tace ƙura yana rage ƙafewar ruwan tire. Da damina ba ya yin wani tasiri saboda iskar ta riga ta jiƙa, amma a lokacin zafin ma ya sauka, sai dai ka ƙara sa ido a kan fumfuna. A darare masu sanyi na hunturu rufe taga da lulluɓe kantar da tsohon bargo sun isa.

A ra'ayina ma, shekarar farko ka bar bazara ta wuce. Ka fara daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da yanayi ke taimakonka, ka koyi halin abin, sannan ka san girman tagar gawayin da kake buƙata.

Ruwa shi ne abu na biyu da za ka lissafa, kuma kai ɗan Damagaram ne, ba sai an gaya maka darajar bido guda a watan Afrilu ba. Tire goma suna cin lita ɗari, wato bido huɗu na lita 25, ban da na wanki da na tagar gawayi. Amma ba duka ke tafiya ba. Ruwan da ya rage bayan an ɗaga fata shi ne irin zubi na gaba, kamar yadda mai nono take barin kindirmon jiya a ƙwarya ya kama madarar yau. Ana zuba kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na tsohon ruwa a cikin sabo, kuma amfaninsa biyu ne: yana kawo ƙwayoyin, yana kuma sauke ma'aunin tsami na pH ƙasa da 4.5 tun ranar farko, wato tsamin ya yi ƙarfi, inda fumfuna ke shan wahalar kamawa. Takardar gwajin pH ba ta da tsada, ka nemi ta a wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaji. Ruwan famfo ka bar shi ya kwana a buɗe saboda sinadarin kulorin ya fita, ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa kuwa yana kashe tsami, sai ka ƙara masa tsohon ruwa. Ka kuma ajiye kwalba guda ta iri a cikin randa, dabam da ɗakin aiki, saboda ranar da tire suka lalace gaba ɗaya. Irin farko daga ruwan shayin kombuca mai rai, wato shayin tsamin nan na bidiyon, ake samunsa, ko daga yanar ruwan khal da ba a dafa ba, kuma yana da kyau ka nemi malaman sashen kimiyyar halittu na Jami'ar André Salifou su duba maka shi a madubin ƙara girma.

Game da shara, abin da ake nema sukarin da ya riga ya narke ne. Mangwaro da kankana da suka farfashe a Kasuwar Dole, dabinon da ƙwari suka taɓa, da guntayen rake da ɓawonsa irin wanda ke zuwa daga wajen Matamaye, duk suna da shi. Ganyen shayin da aka zubar bayan kofi na uku, ko ruwan dusa da aka tafasa aka tace, suna ba ƙwayoyin ɗan abincin gina jiki da suke buƙata. Ruwan gasara yana da tsami mai amfani, amma abin da ke cikinsa sitaci ne, ƙwayoyin kuma ba sa cin sitaci sai an fara farfasa shi da tsiron gero ko na dawa. Wahalar shara ita ce ba ta da ma'auni guda, mangwaron yau ba zaƙinsa ɗaya da na gobe ba, don haka na'urar da ta fi cancanta ka saya da kuɗinka ita ce ɗan ma'aunin zaƙi na hannu, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta ido, ka riƙa tsarma ruwan har ya tsaya tsakanin 5 da 8. Dole ne a tafasa sharar a tace ta da ƙyalle biyu, domin duk ɓarɓashin da ya taso sama zai shiga cikin saƙar. Don rage itace ko gas, ka tafasa ta da kauri a tukunya guda, sannan ka sirka da tsaftataccen ruwa, ka bari ya huce sarai kafin ka zuba iri.

Bayan an ɗaga fata ana wanke ta, a dafa ta a ruwa mai ɗan sinadarin soda don kashe ƙwayoyi da cire wari, kuma a nan ruwan toka ko kanwar Manga suna iya yin wannan aiki. Sai a ɗauraye a shimfiɗa ta a kan katako mai santsi a inuwa. Iskar hunturu tana busar da ita da gaggawa har ta nannaɗe ta yi ƙaras, saboda haka ka ƙera firam mai matse gefunanta, ka kuma rufe ta da ƙyalle a kwanakin farko. Tana da wani hali mai ban sha'awa: gefe biyu da aka haɗa suna jiƙe sukan manne ba tare da ɗinki ba, kuma in ka ɗora ta a kan ƙwarya ta bushe sai ta ɗauki siffar ƙwaryar. Mahaifinka zai so ya jefa ta a ruwan bagaruwa, ka gaya masa za ta ɗauki launi amma ba za ta jemu ba, domin bagaruwa naman fatar dabba take kamawa, wannan kuwa ƴar'uwar auduga ce. Baban rini yana kama ta da kyau. Babban aibinta shan ruwa, in ta jiƙa sai ta koma laushi, kuma man kaɗanya da kakin zuma suna rage hakan ne kawai. Ba za ta yi gasa da fatar jar akuyar Maraɗi a takalmi ko sirdi ba, ko kamfanonin Amurka masu miliyoyin dala sun sha wuya da irin wannan gasa, har wanda ke yin fata daga naman kaza, wato laimar kwaɗi, mai suna Mylo ya dakatar da aikinta a 2023. Inda take da kasuwa shi ne rufin fitila, saboda haske yana ratsa ta, da bangon littafi da shafin cikin jaka. Ana yin abin rufe ƙuna da ita a masana'antun magani, amma wadda ta fito daga ɗakin ƙasa kada ka bari kowa ya ɗora ta a kan rauni.

Busasshiyar shara kuwa, wato karan gero da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, aikin wata halitta ce dabam, saiwar naman kaza, wadda ke ratsa karan ta ɗaure shi ya zama allo marar nauyi. Kamfanin Ecovative da aka kafa a Amurka a 2007 da wannan yake yin abin tallafe kaya a cikin kwali. Kayan aikinta duro ne na turara karan a zafin digiri 60 zuwa 80 na awa ɗaya ko biyu, da akwatunan siffa, da ɗaki mai duhu da danshi, da tanda ta busarwa. Ta fi fatar tsami tsoron zafi da koren fumfuna, tana kuma fitar da nata zafin a tsakiyar allon, samun irinta mai tsafta ma aiki ne na ɗakin gwaji. Allon zai yi amfani a ƙarƙashin rufin kwano, in ya tsira daga gara da kuma masu dabbobi, waɗanda suke sayen karan nan da tsada a ƙarshen rani. Ka bar ta sai ka ƙware a ta farko, ɗakin da ka gina zai ɗauke su duka biyu.

Abin da za ka yi a wannan watan bai wuce kanta mai hawa uku da tire shida ba. Biyu ka zuba musu shayi da sukarin kanti don su zama ma'auninka, biyu ruwan dabino, biyu ruwan rake ko kankana, duka da iri guda a rana guda. Ka tsoma ma'aunin zafi a wani kwano na ruwa da ke kan kantar, ba a cikin tiren ba, ka rubuta abin da ya nuna da asuba da kuma bayan la'asar, tare da tsami da zaƙin ranar farko da nauyin kowace fata jiƙa da busasshiya. In sun bushe ka shafa musu mai, ka kai wa mahaifinka ba tare da ka gaya masa wacce ta fito daga wane tire ba, ya naɗe su ya ware, ya soka basilla ya ja zare. Wadda ta riƙe ɗinkin, ruwanta za ka zuba a kanta ta biyu.